Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Tarayya kan Harajin Lemun Kwalba da Tsadar Jinya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Dattawa, da Mai Girma Kakakin Majalisar Wakilai, da shugabannin kwamitocin kuɗi da na lafiya na majalisun biyu, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranku ya daɗe, mu likitoci ne da ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna da masana abinci, muna aiki a asibitoci da ƙananan cibiyoyin lafiya na Babban Birnin Tarayya. Mun rubuto ne kan harajin naira 10 da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora a kan kowace litar lemun zaƙi, wanda Hukumar Kwastam ta fara karɓa a bakin masana'antu a watan Yunin 2022. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: an tsara harajin ta hanyar da ba zai rage shan sukari ba, kuma ba a ɗaura kuɗinsa da jinyar kowa ba. Abu biyun nan duk a hannunku gyaransu yake.

Mu fara da lissafi. Naira 10 a lita na nufin naira 5 a kwalbar roba ta rabin lita, naira 3 da sule biyar a ƙaramar kwalbar gilashi. Lokacin da ake sayar da rabin litar nan naira 200, harajin kashi 2.5 ne cikin 100 na farashinta. Yau da mai shago a Kubwa ko Nyanya ke sayar da ita naira 500, ya koma kashi 1. Ba wanda ya rage shi, hauhawar farashi ce ta cinye shi, wadda ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, dokar kuwa ta rubuta adadi ɗaya ta bar shi a tsaye. Naira biyar ma yanzu ba a ganinta a kasuwa, alewa ake miƙo wa mutum a madadin canji. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce sai haraji ya ɗaga farashin lemu da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga ragin sha na a-zo-a-gani. A kwalbar naira 500, wannan naira 100 ke nan. Tsakanin 5 da 100 akwai tafiya.

Me ke cikin kwalbar? Lemun kola na yau da kullum yana ɗauke da sukari kimanin giram 10.6 a kowace mililita 100. A rabin lita giram 53 ke nan, wato cokalin shayi 13. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke ci a rana, kimanin giram 50 ga babba, kuma gara a tsaya a rabin haka. Kwalba ɗaya ta wuce da rabon yini guda, ba a yi maganar shayin safe da kokon da aka zuba wa sukari ba. Lemun malt da ake kai wa mai jego da marar lafiya da sunan ƙarin jini bai gaza kola zaƙi da wani abin kirki ba, kuma ba ya ƙara jinin. Haka lemun ƙarin kuzari da direbobi da 'yan acaba ke sha don korar barci, haka yogot mai zaƙi da ake saya wa yara a bakin makaranta.

Dalilin da ya sa muke ware abin sha daga sauran kayan zaƙi a jiki yake. Wanda ya ci dabino ko ya sha rake sai ya tauna, ciki ya sanar da ƙwaƙwalwa an ci wani abu. Sukarin da ke cikin ruwa yana wucewa ne da sauri ba tare da ya ƙosar ba, mutum ya sha kwalba sannan ya cinye malmalarsa ta tuwo kamar yadda ya saba. Rabin sukarin yana shiga jini nan take, jiki ya yi ta fitar da insulin don ya kwashe shi. Ɗaya rabin hanta ce ke sarrafa shi, in ya yi yawa ta mayar da shi kitse. Shekara da shekaru a haka sai tumbi ya fito, jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, ciwon suga ya shigo. Ba mu ce lemu kaɗai ke kawo shi ba. Akwai gado, akwai shekaru, akwai zaman ofis da zaman mota a cunkoson hanyar Mararaba safe da yamma. Kuma nau'in ciwon da ke kama ƙananan yara ba ruwansa da abin da suka ci, kada a ɗora wa iyayensu laifi. Amma cikin duk waɗannan, lemun kwalba ne abin da doka za ta iya taɓawa cikin sauƙi, domin daga masana'antu ƙididdigaggu yake fitowa, kuma ba wanda rashinsa zai sa ya kwana da yunwa.

Tarayyar ƙungiyoyin ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya, kuma a nahiyar Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Hawan jini ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, kusan babba ɗaya cikin uku. Cututtukan biyu ba sa zuwa da zazzaɓi, shi ya sa ake gano su a makare: sai ido ya dushe, ko gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, ko an wayi gari ɓarin jiki ya shanye, ko ƙafafu sun kumbura fitsari ya ragu.

Daga nan kuɗi ke fara magana. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fita. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira a Yunin shekarar, farashin magani ya tashi, domin mafi yawansa ko sinadaran haɗa shi da dala ake sayowa. A watan Agustan 2023 kamfanin magani na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai-tsaye a Najeriya, Sanofi ma ya koma sayarwa ta hannun dillali. Umarnin da Shugaban Ƙasa ya sa wa hannu a Yunin 2024 na cire haraji daga injuna da kayan haɗa magani mataki ne mai kyau, sai dai na shekara biyu ne, ciwon suga kuwa na har abada ne.

Ku dubi mai allurar insulin. Kwalba ɗaya ta mililita 10 tana da awo 1,000. Wanda ke yin awo 35 a rana zai gama da ita cikin kwana 28, sai wata. Ga sirinji, ga tsinken gwajin jini da ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kuma ba ta jure zafin Maris na Gwagwalada. Inda ba wuta mukan koya wa mutane su sa ta a leda mai ɗauri su ajiye a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. In ta daskare a firiza ta lalace, in ta sha rana a aljihun mota ta lalace, kuma ido ba lallai ya gane ba. Abin da ke faruwa idan kuɗi ya ƙare sananne ne a kowane asibiti: a rage awo don kwalbar ta kai ƙarshen wata, a tsallake allurar dare, a daina gwaji a koma yi da ka. Bayan 'yan makonni a kawo mutum ɗakin gaggawa a sume, kuɗin kwanciyar mako guda ya fi na insulin ɗin watanni da yawa.

Mai hawan jini ma haka. Ƙwayar amlodipine ɗaya a rana tana riƙe da mutane da dama, amma da zarar ciwon kai ya lafa sai a ajiye ta, ko a riƙa raba ta biyu, ko a sha yau a huta gobe. In jiki ya yi tsami a je kyamis a karɓo haɗin maganin ciwon jiki mai diclofenac da ibuprofen a ƙulli ɗaya, waɗanda ke ɗaga jinin su kuma ci ƙodar da dama ta fara rauni. Ƙarshen wannan hanya injin wankin ƙoda ne, awa huɗu a zama, sau uku a mako in za a yi yadda ya dace. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sauke kuɗin zama ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, mun kuma yaba. To amma ko a farashin tallafin, zama 12 a wata naira 144,000 ne, ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ban da allurar ƙarin jini da gwaje-gwaje da kuɗin mota daga Kwali ko Abaji. Wanda bai samu gurbi ba, naira 600,000 ke jiransa duk wata. Sai a sayar da fili, a sayar da mota, a kewaya da takardar neman taimako a masallaci da coci, a rage wankin zuwa sau ɗaya a mako. Wanki sau ɗaya a mako jinkiri ne kawai.

Gyara na farko da muke roƙo shi ne a daina auna ruwa, a koma auna sukari. Harajin lita yana karɓar abu ɗaya daga lemun da ke da giram 12 da wanda ke da giram 5, don haka kamfani ba shi da wata riba in ya rage zaƙi. Ingila ta bi wata hanya. Ta sanar da harajinta a 2016, ta fara karɓa a Afrilun 2018, a matakai: ƙasa da giram 5 a mililita 100 ba haraji, daga 5 zuwa 8 fens 18 a lita, daga 8 zuwa sama fens 24. Shekara biyun nan na tsakani kamfanoni suka shiga rage sukari don su sauka daga matakin sama, har sukarin da ke cikin lemukan da harajin ya shafa ya ragu da sama da kashi 40 cikin 100 a 'yan shekaru. Mai sha bai canja ɗabi'arsa ba, abin cikin kwalbar ne ya canja. Afirka ta Kudu, ita ma daga Afrilun 2018, ta yafe giram 4 na farko a kowace mililita 100, ta ɗora santi 2.1 a kan kowane giram da ya haura.

Tsarin Afirka ta Kudu muke ganin ya fi dacewa da mu, domin ba shi da gejin da kamfani zai tsaya daf da shi ya huta. Ga yadda zai zauna a naira. A ce kun sa naira 3 a kowane giram da ya wuce huɗun farko. Kola mai giram 10.6 zai biya a kan 6.6, a rabin lita giram 33 ke nan, naira 99, daidai da kashi 20 ɗin da ake nema. In kamfanin ya sauke zaƙin zuwa giram 6, harajinsa ya koma naira 30. In ya sauke zuwa 4, ba ya biyan ko kwabo. Kun ga an bar masa ƙofar fita, kuma ƙofar ita ce abin da mu ma muke so. Sai a ba da wata 12 zuwa 18 tsakanin sa hannu da fara karɓa, a kuma rubuta a cikin dokar kanta cewa duk watan Janairu adadin zai tashi da kansa gwargwadon alƙaluman hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. In ba a rubuta wannan ba, nan da shekara huɗu za mu sake rubuto muku irin wannan wasiƙa.

Akwai masu ba da shawarar a mayar da harajin kaso na farashi kawai. Ya fi naira 10, amma yana da ɓaraka biyu. Kamfani na iya bayyana farashin bakin masana'anta ƙasa da gaskiya ta hanyar sayar wa dillalin da shi ma nasa ne. Sannan lemu mafi arha shi zai biya mafi ƙaranci, mai ƙaramin ƙarfi ya sauka daga mai tsada zuwa mai arha da zaƙi iri ɗaya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Don haka ma dole dokar ta ambaci garin lemu na leda da ruwan zaƙi mai kauri da ake sirkawa, a lissafa su a kan yawan abin shan da za su bayar bayan an sirka. In aka manta da su, can kasuwar za ta koma, kuma su ne masu sauƙin shigowa ta ɓarauniyar hanya. Katan-katan na lemu nauyi gare su, ribarsu ba ta kai wahalar fasa-ƙwauri ba, ƙullin gari kuwa a jakar hannu ma sai ya wuce.

Wa zai auna sukarin? Kowane kamfani ya kawo sakamakon gwaji daga ɗakin binciken da aka amince da shi, NAFDAC ta riƙa sayen kwalabe a kasuwar Wuse ko Dei-Dei ba tare da sanarwa ba tana sake gwadawa, Kwastam ta karɓa a kan wannan adadi. Afirka ta Kudu ta toshe ramin masu ƙin kawo sakamako da hukunci mai sauƙi: duk wanda bai kawo ba, a ɗauka lemunsa na da giram 20 a mililita 100. Ku kwafi wannan yadda yake. Masu maye sukari da sinadaran zaƙi marasa kuzari za su ƙaru, wannan tabbas ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kada a dogara da su don rage ƙiba, saboda haka a tilasta rubuta su a fili a jikin kwalba.

Mai zoɓo da mai kunun aya da mai fura da nono kuwa, a fitar da su daga dokar da sunansu. Ingila ta yafe wa duk mai samar da ƙasa da lita miliyan ɗaya a shekara. Mun san abin da ke faruwa a titi in doka ta bar kafa: washegari wani mai rasit zai tsaya a kan matar da ke sayar da zoɓo a tashar Zuba ya ce sabon harajin sukari ne. Zoɓon nata ma sau da yawa sukarin ya yi yawa, gaskiya ne, amma wannan aikin wayar da kai ne, ba na mai karɓar haraji ba.

Za a ce muku harajin talaka zai fi ci. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kada ku yi watsi da ita. Leburan da ke aikin gini a Lugbe yana haɗa burodi da lemu da rana ne domin shi ne abin da zai ba shi ƙarfi nan take a kuɗin da bai kai na farantin shinkafa da wake ba. Amma a Meziko, inda aka sa peso ɗaya a lita a 2014, sayen lemu ya ragu da kusan kashi 6 cikin 100 a shekarar farko, ya ƙara raguwa a ta biyu, gidajen masu ƙaramin ƙarfi ne kuma suka fi ragewa, sayen ruwa ya ƙaru. Kuma leburan nan shi ne wanda ba shi da inshora ranar da ƙoda ta tsaya. Abin da zai sa harajin ya zama adalci gare shi shi ne ya ga kuɗin a asibitin unguwarsu, ya kuma sami ruwan sha mai tsabta a tasha da kasuwa da makarantar 'ya'yansa. Za a kuma ce muku manoman rake za su rasa aiki. Ku nemi Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa ta kawo muku alƙaluma. Duk da shirin sukari na ƙasa da aka ƙaddamar a 2012, mafi yawan abin da matatunmu ke tacewa ɗanyen sukari ne da jiragen ruwa ke kawowa daga Brazil, ba daga gonakin rake na Numan ko Bacita ba.

Kada kuma a faɗaɗa abin zuwa duk abincin da ake ce wa marar kyau. Denmark ta sa haraji a kan kitse a 2011, ya shafi man shanu da nama da cuku, lissafinsa ya rikita 'yan kasuwa, mutane suka riƙa tsallaka iyaka sayayya, ba a daɗe da cika shekara ba aka yanke shawarar soke shi. A ƙasar da yara ke fama da tamowa ba a taɓa manja da man gyaɗa da nama. Gishiri, wanda ya fi sukari hannu a hawan jini, shi ma ba haraji ne maganinsa ba. Iyakar da aka shata ita ce ƙasa da giram 5 a rana, cokalin shayi ɗaya a shafe, dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, kuma tukunyar miya ɗaya kan ci huɗu ko biyar sannan a barbaɗa gishirin a kai. In an ƙara wa magi kuɗi uwargida ba za ta koma daddawa ba, za ta ƙara gishiri ne. Abin yi shi ne NAFDAC ta shata iyakar gishirin da zai shiga magi da taliyar yara da burodi, tana sauke ta kaɗan-kaɗan duk shekara biyu yadda harshe ba zai lura ba, kamar yadda ta riga ta shata iyakar giram 2 cikin 100 ga gurɓataccen kitsen masana'anta. Sai alamar gargaɗi a gaban kwali, irin baƙin tambarin da ƙasar Chile ta fara a 2016, wanda ko wanda bai yi boko ba zai gane.

Gyara na biyu ya fi wuya, kuma nan ne aka fi yi wa jama'a romon baka. Ana yawan cewa kuɗin harajin na lafiya ne. Dokar 2021 ba ta ce haka ba. Abin da Kwastam ta karɓa Asusun Tarayya yake shiga bisa sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki, a raba shi duk wata: kashi 52.68 ga tarayya, 26.72 ga jihohi, 20.60 ga ƙananan hukumomi. Daga nan ya narke cikin albashi da kwangilar titi da biyan bashi. Kuna da hanya biyu. Ko ku tsara shi a matsayin kuɗin musamman mai asusunsa, kamar yadda harajin ilimi ya riƙa tafiya TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ku shirya wa gardamar da jihohi za su yi. Ko ku bar shi a Asusun Tarayya, ku rubuta a doka cewa duk shekara za a ware daidai kason tarayya na abin da aka tara bara a zuba a Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko da Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa, da Asusun Marasa Galihu na Dokar Inshorar Lafiya ta 2022. Ta biyun ta fi sauƙin wucewa. Amma sai da kalmar "ƙari a kan", domin dabarar da aka saba ita ce a ba ma'aikatar lafiya sabon kuɗi da dama a zare tsohon da hagu. A nan Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya a Afrilun 2001, kasafin tarayya kuwa kusan kullum tsakanin kashi 4 da 6 yake yawo. Kada kuma ku jingina albashin kowa a kan wannan kuɗi. Ingila ta yi hasashen fam miliyan 520 a shekara, ta sauke shi zuwa kimanin 240 saboda kamfanoni sun rage zaƙi. Harajin da ke aiki raguwa yake yi.

A ina za a kashe? Jarabar ita ce a sayi injunan wankin ƙoda a yanka kirtani a ɗauki hoto. A sayi wasu, ana bukatarsu. Amma kaso mafi tsoka ya tafi mazaɓu, waɗanda a Abuja 62 ne a ƙananan hukumomi shida. Ba sai an yi dogon nazari ba, an riga an gwada a nan: tun 2020 wani shiri da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja ya jagoranta ya nuna cewa jami'an lafiyar al'umma a cibiyoyi 60 na birnin za su iya gano hawan jini su kuma yi maganinsa da tsari mai matakai, ba sai likita na wurin ba. Abin da kowace cibiya ke bukata bai taka kara ya karya ba. Na'urar awon jini ingantacciya mai maɗauri biyu, matsakaici da babba, domin ƙaramin maɗauri a damtsen mai jiki yana nuna jini ya hau alhali bai hau ba. Kujera mai majingina, mutum ya zauna minti biyar kafin awo, a auna sau biyu, a sake wata rana kafin a ce masa yana da hawan jini in ya kai 140 bisa 90. Na'urar gwajin suga da kwangilar tsinkenta ta shekara, domin kowace na'ura da irin tsinkenta, kuma aljihun tebur na cibiyoyi da yawa cike yake da na'urorin kyauta da tsinkensu ya ƙare. Tsinken gwajin fitsari da ke nuna ƙoda ta fara yoyo shekaru kafin ta tsaya. Ɗan zaren roba da ake taɓa tafin ƙafa da shi don a gane ko jijiya ta mutu kafin ƙusa ta shiga. Firiji mai aiki da hasken rana. Amlodipine da ƙwayar ciwon suga ta metformin da ba sa yankewa, a ba wanda jininsa ya daidaita na wata uku a lokaci ɗaya don a rage masa kuɗin mota. Da littafin rajista, da katin waya na kiran wanda bai dawo ba.

Ku ma kuna da naku rabon, ranku ya daɗe. Katan-katan na lemu da ake jibgewa a tarukan gwamnati, da wanda ake rabawa a mazaɓu tare da buhunan sukari da sunan tallafin azumi, da kuɗin jama'a ake sayen mafi yawansu. Takardar umarni guda za ta mayar da su ruwa da dabino da gero da wake.

Kafin ku buɗe zaman jin ra'ayin jama'a kan duk wani gyara, muna roƙon ku umarci Hukumar Kwastam ta kawo a rubuce nawa ta tara daga wannan haraji kowace shekara tun Yunin 2022, daga lita nawa, a kuma wallafa shi inda kowa zai gani. A sabuwar dokar a sa wannan rahoto ya zama tilas duk wata uku, tare da jerin cibiyoyin da kuɗin ya isa da ranar da ya shiga asusunsu. A zaman kuma, bayan lauyoyin kamfanoni da manyan farfesoshi sun gama, a ba jami'an lafiya daga cibiyoyin Kuje da Bwari da Abaji lasifika, su zo da littattafan rajistarsu.

Wassalam.

Naku,
Wasu likitoci, ma'aikatan jinya, masu haɗa magunguna da masana abinci da ke aiki a Babban Birnin Tarayya, Abuja.